Kuɗin Ruwa da Kuɗin Ɓarnarsa: Nazarin Tattalin Arzikin Noman Rani daga Tiga zuwa Nguru

Tsakure

Maƙalar nan ta bi ruwa daga madatsar Tiga, ta ratsa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, domin gano mai cin ribar ruwan da mai ɗaukar nauyin ɓarnarsa. Matsayinta shi ne, tara da harajin taki ba za su magance gurɓatar da noman rani ke jawowa ba, domin ba a iya auna ta a gona ɗaya-ɗaya. Inda ake iya kama ta shi ne ƙofar kanal, wato yawan ruwan da ake sakar wa manomi da yadda ake karɓar kuɗinsa. Don haka maƙalar ta nemi a haɗa manufar ban ruwa da ta kare muhalli a lissafi guda.

1.0 Gabatarwa



Duk lokacin da aka tayar da zancen gurɓatar ruwa a Kano, hankali yakan tafi kan masana'antun fata da na rini na Sharaɗa da Calawa da Bompai, da baƙin ruwan da ke bin rafin Getsi ya shiga Jakara. Wannan daidai ne, kuma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kai. Sai dai irin wannan ɓarna tana da adireshi. Akwai bakin bututun da take fitowa, akwai kamfani mai suna da rajista, kuma hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ikon ɗibar ruwan ta gwada, ta ci tara ko ta rufe ƙofa. Ko tana yi ko ba ta yi, wannan wata magana ce.

Wadda nake so mu duba yau ba ta da bakin bututu. Tana fitowa daga dubban ƙananan gonaki, kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ta haɗu a magudanar ruwa ta koma kogi. Babu manomin da za a nuna a ce shi ne ya ɓata Kogin Haɗeja, amma kogin yana ɓaci. Tambayar masanin tattalin arziki a nan ita ce: ta wace hanya ce mafi arha za a rage wannan ɓarna ba tare da an karya noman da miliyoyin mutane ke ci daga gare shi ba?

2.0 Hanyar ruwan

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan babban kanal yake ɗaukar ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarraba shi cikin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko ya kai hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kula da shirin ya koma hannunta. A 1992 aka kammala madatsar Calawa. Kogunan biyu, Kano da Calawa, suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. A ƙasar Auyo kuma aka sake tare shi don Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗeja. Abin da ya saura shi ne yake bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya wuce Gashuwa da sunan Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Ba wanda zai musa alherin wannan aiki. Shinkafar Kura, da tumatirin Kadawa, da alkama da albasa da masarar rani, duk 'ya'yan Tiga ne, kuma ruwan famfon birnin Kano ma daga waɗannan koguna ake ɗibarsa a Tamburawa da Calawa. Amma tun farkon shekarun 1990 aka fara tambayar nawa aka biya. Edward Barbier da abokan aikinsa sun ƙiyasta abin da fadamun Haɗeja da Nguru ke samarwa ta noma da su da itacen girki, suka kwatanta da abin da Shirin Kogin Kano ke samarwa. Sun gano cewa idan da yawan ruwan da aka kashe za a yi awon, ribar fadama ta ninka ta shirin nesa ba kusa ba, alhali ba su ma sa kiwo a lissafin ba. A 2000 kuma Gayatri Acharya da Barbier suka nuna cewa ambaliyar fadamar ita ce ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu lambu ke ja da inji, wato rage ta yana ƙara wa manomin alkama da na kayan miya kuɗin ɗago ruwa. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne, filin da ambaliya ke rufewa ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000.

Waɗannan nazarce-nazarce sun tsaya ne a kan yawan ruwa. Ingancinsa bai samu kulawa irin wannan ba, alhali su biyun ba su rabuwa.

3.0 Abin da ke fita daga gona

Mu tsaya a bakin fangali ɗaya na shinkafa, mako uku bayan dashe. Ruwa na kwance a ciki har idon sawu. Manomi ya shigo da yuriya a kwano, yana watsawa da hannu a saman ruwan. Kashegari ko jibi, da ya ji an sako ruwa a kanal, sai ya buɗe bakin fangalin ya ƙara, ba don shinkafar ta ji ƙishi ba, sai don bai san ranar da za a sake sakowa ba. Ruwan da ya yi yawa ya tsallake kunya ya bi magudana, ɗauke da takin da aka zuba shekaranjiya.

Lissafin abin ba wuya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, tunda kashi 46 cikin ɗari ne. A shinkafar da ake watsa wa taki cikin ruwa a kwance, abin da shuka ke sha bai cika wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba. Ke nan kimanin kilo 14 zuwa 16 a kowane buhu bai shiga shinkafar ba: wani ya tashi iska, wani ya tsaya a ƙasa, wani ya nutse zuwa ruwan rijiya, wani ya bi magudana. Manomin ya biya kuɗin buhu cikakke, ya amfana da abin da bai kai rabi ba. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk abin da zan faɗa nan gaba, domin yana nuna cewa mai ɓarnar shi ma asara yake yi.

Sai maganin feshi. Tun da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kano da Jigawa da Kaduna a 2016, feshi ya zama na fargaba: a haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya, a ƙara yawan murfi, a maimaita kafin lokaci. In an gama, a kanal ake wanke famfon, a gefensa ake yar da robar. Ƙasa kaɗan da wurin yara na wanka, mata na wanki, Fulani na shayar da shanu. Kasuwar duniya ta riga ta nuna mana farashin irin wannan sakaci, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Wancan wake ne, ana iya gwada shi a tashar jirgin ruwa. Ruwan kanal ba mai mayar da shi a kan iyaka.

Inda ɓarnar ta fi bayyana shi ne ciyawar kacalla, wadda wasu ke kira geron tsuntsu. A nan dole a yi adalci wajen dalili. Babban abin da ya ba ta wuri shi ne sauyin ɗabi'ar kogin: da can yana cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan kuwa ita ke kashe ta. Da madatsu suka mayar da shi mai gudu shekara duka, ruwa marar zurfi, sai ta samu gida. Takin da ke biyo ruwa da laka daga gonaki su ne abincinta. Ta toshe tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma, ya shanye gonaki a wajen Guri da Nguru, wasu wuraren kuma suka bushe. Masunta sun rasa wurin jefa taru. Jan baki ya samu maɓoya, daga nan yake tashi ya sauka a kan shinkafa da gero. Sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya su ma sun samu wuri. Kowace shekara al'umma na fita gayya da lauje da adda, gwamnatoci na sayen injinan yankan ciyawa, kacalla na dawowa. Duk wannan kuɗi ne, kuma ba ya cikin lissafin buhun shinkafar da aka sayar a Kura.

4.0 Magungunan littafi da iyakarsu

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan matsala, ta mutum ya yi sana'arsa nauyin ya faɗa kan wanda ba ya cikin cinikin. Arthur Pigou, a 1920, ya ce a ɗora wa mai ɓarna haraji daidai da ɓarnarsa. Ronald Coase, a 1960, ya nuna cewa idan haƙƙin kowa a bayyane yake kuma zaman sulhu ba shi da tsada, ɓangarorin za su daidaita da kansu. Ƙasashe sun gwada duka biyun. Denmak tana karɓar haraji a kan magungunan feshi, ta kuma sake tsarinsa a 2013 ya zama gwargwadon haɗarin kowane magani. Tarayyar Turai ta kafa dokar sinadarin naitiret a 1991, da iyakar miligiram 50 a lita, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wa ruwan sha. A Tafkin Taupo na ƙasar Niyu Zilan an ƙayyade wa kowace gona naitirojin da za ta saki, aka ba manoma damar saye da sayar da kasonsu. Birnin Niyu Yok kuwa, a yarjejeniyar 1997, ya zaɓi ya biya manoman tsaunukan Katskil su gyara aikinsu, maimakon ya gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli.

Kowanne daga cikinsu ya tsaya a kan abin da ba mu da shi a Kadawa: gonaki manya masu rajista, littafin shige da ficen taki, da ma'aikatan awo. Manominmu mai eka ɗaya ko biyu ne, sau da yawa ma haya ya karɓa na kaka ɗaya, taki kuma a mudu yake saye idan aljihu ya yi ƙasa. Kuɗin bin sa a auna abin da ya saki zai fi tarar da za a ci shi. Sulhun Coase kuma yana bukatar masunci a Nguru ya zauna da dubban manoman Bunkure, jiha guda a tsakaninsu.

Harajin taki ya fi kowanne rashin dacewa, kuma ina so in ja hankalin masu ba da wannan shawara. Matsalar Nijeriya gaba ɗaya ƙarancin taki ce, ba yawansa ba. Shi ya sa taron Abuja na 2006 ya sa wa Afirka burin kilo 50 a hekta, lokacin da matsakaicin nahiyar yake wajen kilo 8. Shi ya sa aka yi shirin tallafi ta wayar salula a 2012, da shirin takin shugaban ƙasa na haɗin gwiwa da Maroko daga ƙarshen 2016, wanda ya sayar da buhun kamfa Naira 5,500. Haraji a kan taki zai faɗa kan mai gero a tudun Ɗambatta, wanda gonarsa ke kukan yunwa, don laifin da ake yi a fadamar Kura. Ɓarnar a tattare take a wurare ƙalilan, magani ma sai ya kasance a wuraren.

5.0 Ƙofar kanal

Taki da magani ba su da ƙafa. Ruwa ne ke ɗaukarsu. Idan ruwan da ya wuce bukata ya ragu, abin da ke isa kogi zai ragu, kuma ruwa, saɓanin taki, ta ƙofa ƙidayayya yake shiga gona.

Yadda aka saba a manyan shirye-shiryen noman raninmu, ana biyan kuɗin ruwa ne gwargwadon faɗin gona a kowace kaka, ba gwargwadon abin da aka sha ba. Da zarar manomi ya biya, ko ma bai biya ba, ƙarin ruwa kyauta ne a wurinsa. Mai hankali kuwa ba ya tattalin abin da ƙarinsa kyauta ne, musamman idan ba shi da tabbacin gobe. Sakamakon a fili yake: na bakin kanal yana iyo, gonarsa na jiƙewa har gishiri ya fara fito mata, na wutsiya yana jiran dare ya je ya kwance toshiyar da aka yi masa. Kuɗin da ake tarawa bai isa yashe kanal da magudana ba, sai aikin ya lalace, sai manomi ya ce ba zai biya kuɗin ruwan da bai zo a kan kari ba, sai abin ya ƙara lalacewa.

Mu kwatanta da maƙwabcinsa mai injin ban ruwa da rijiyar tiyo, irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun 1993. Shi kowace awa ta ban ruwa fetur ce. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba sai malamin gona ya yi masa wa'azin tattali ba. Yana tsaye a kan fangali, ruwa na kaiwa ƙarshe zai juya tiyo. Manomi ɗaya ne, al'ada ɗaya, farashi ne ya bambanta su. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da nake da ita cewa manominmu yana jin farashi.

Ba ina cewa a kafa wa kowace gona mita ba. Ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a auna a ƙofar da ƙaramin kanal ya rabu da babba, a sayar wa ƙungiyar masu amfani da ruwa ta wannan shiyya da yawa, ita kuma ta raba a tsakanin 'ya'yanta, ta karɓi kuɗi yadda ta ga ya dace. A ba kowace shiyya kason da amfanin gonarta ke bukata a farashi mai sauƙi, abin da ya haura a ninka kuɗinsa. Mutanen shiyya sun san wanda ke barin ruwa ya kwana yana zuba, abin da jami'i daga ofis ba zai taɓa sani ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna daga tsarin ban ruwa na Sifen da Filifin da Nefal cewa irin waɗannan ƙungiyoyi suna ɗorewa idan su ke kafa dokarsu, su ke sa ido, kuma hukuncinsu yana hawa daki-daki. Tushen ma an riga an aza shi: shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, na kusan dala miliyan 500, ya gyara kanaloli a Kano da Haɗeja da Bakolori, ya kuma ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi. Abin tsoro shi ne a tsaya a siminti, a bar tsarin kuɗin yadda yake.

Da zarar rarar ruwa ta zama kuɗi, dabarun da ake ta tallatawa ba a karɓa za su samu kasuwa. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI ta nuna cewa a bar ruwa ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da fuskar gona kafin a sake ban ruwa, ana dubawa ta cikin guntun bututu mai huji da aka kafa a fangali, yana iya rage ruwa har kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba. Dunƙulen yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin shuka huɗu, wanda cibiyar IFDC ta yaɗa, yana rage takin da ake bukata da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Duka biyun suna cin ƙwadago. Manomi ba zai ɗauki wahalarsu ba muddin hanyar sauƙi kyauta ce.

Za a ce ruwa na Allah ne, ba a sayar da shi. Wannan magana ce mai nauyi a ƙasarmu, kuma bai kamata masani ya yi mata kallon jahilci ba. Malaman fiƙihu sun bambanta ruwan kogi, wanda kowa ke da haƙƙi a cikinsa, da wahalar tare shi da haƙa masa hanya da gyaranta, wadda masu amfana ke ɗaukar nauyinta. Muwaɗɗar Imam Malik ma ta kawo hukuncin rafukan Madina, inda na sama ke riƙe ruwa zuwa idon sawu sannan ya sakar wa na ƙasa. Wato ƙayyade wa na sama don haƙƙin na ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya kamata a shigo da malamai da sarakunan noma cikin bayanin tun daga farko.

6.0 Haƙƙin na ƙasa

Gyaran farashi shi kaɗai ba zai kashe kacalla ba. Tana bukatar ƙafewa, ƙafewa kuma tana hannun masu buɗe Tiga da Calawa. Tun shekarun 1990 masana ruwa, irin su Hollis da Adams da Aminu-Kano, suke kira da a riƙa sako ambaliya da gangan a lokacinta. Ɗaya rabin maganar shi ne a rage sakin rani zuwa abin da birni da gonaki ke bukata da gaske, ta yadda wasu mashigai za su bushe na 'yan watanni. Tattalin ruwa a Kadawa shi zai ba da wannan dama, amma da sharaɗi: ruwan da aka tsimar kada a mayar da shi sabbin hektoci. Ƙasashe da dama sun gyara kanal, suka faɗaɗa noma da rarar, kogi ya tashi a tutar babu.

Akwai kuma mazubin da ya dace da kuɗin. A taron Damaturu na 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Borno, tare da gwamnatin tarayya, suka kafa asusun amana na wannan kwari. Ina ba da shawarar a ware wani kaso sananne daga kuɗin rarar ruwa, da wani daga abin da hukumar ruwan sha ta Kano ke ɗiba, ya shiga asusun don yashe mashigai da biyan gayyar kacalla. Babban kaso kuwa ya tsaya a hannun ƙungiyar da ta tara shi, a ga aikinsa a magudanar shiyyar. Tallafin taki na masu noman rani shi ma a ratsa shi ta ƙungiyoyin nan, shiyyar da ta tsaya a kasonta na ruwa ta samu fifiko. Ta haka gwamnati ba ta ƙara kashe ko kwabo ba, ta dai sauya wanda take saka wa.

Duk wannan yana bukatar awo, kuma a nan ne aikin ya dawo kanmu masana. Wuraren da manyan magudanan Shirin Kogin Kano ke komawa kogi ƙidayayyu ne. Gwajin naitiret da fosfet da gishiri ba shi da tsadar da zai gagari sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai a Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Dutse, ko ta Gashuwa, kuma duk huɗun a cikin wannan kwari suke. Ina roƙon a kafa kwamitin da zai haɗa jami'o'in nan huɗu da hukumar kogunan, a riƙa ɗibar ruwa kowane wata a waɗannan magudanai da Wudil da Haɗeja da Gashuwa, a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo kafin a fara noman rani mai zuwa.